Rufin motar kwana: abin da za ka sani kafin ka ɗora sola da Starlink

A Amurka akwai masu rubuta manhaja da suka bar gidan haya suka koma zama cikin motar kwana, wadda suke kira RV. Mota ce mai gado da kicin da banɗaki, kuma garin Elkhart na jihar Indiyana ya yi suna wajen ƙera ta. Tun da Starlink ya fito da tsarin intanet na masu irin wannan mota a 2022, aiki daga daji ya zo da sauƙi. Sai dai faifan sola, na'urar sanyaya ɗaki, fanka da eriya duk a rufi suke zama, kuma kowane kusa da aka ɗaura ƙofa ce ga ruwan sama.

Rufin iri huɗu aka fi samu. Akwai EPDM, wata robar shimfiɗa mai laushi da arha, wadda idan ta tsufa takan riƙa zubar da farin gari kamar alli, ruwa ya wanko shi ya ɓata jikin motar. Akwai TPO, ita ma shimfiɗa ce, kuma farinta yana mayar da zafin rana. Sai faiba, mai tauri, wadda reshen bishiya ba ya yaga ta da sauƙi, amma ta fi nauyi da tsada. Na huɗu alminiyam ne, irin na motocin Airstream masu ƙyalli, wanda ke daɗewa sosai, sai dai ƙanƙara tana lotsa shi, kuma ruwa kan bi ta wajen ƙusoshin haɗi.

Ni a ganina, ga mai shirin ɗora kaya da yawa, zaɓin rufin bai kai sanin wanda kake da shi muhimmanci ba, domin yawanci da rufinta ake sayen mota. EPDM da TPO suna kama da juna daga sama. Hanyar da masu gyara ke bi ita ce su kwance murfin fankar rufi daga ciki, su duba gefen shimfiɗar da ya leƙo. Idan sama fari ne ƙasa baƙi, EPDM ce. Idan launi ɗaya ne, galibi TPO ce.

Me ya sa wannan ya zama dole? Saboda sinadarin da ya dace da wannan yana iya lalata wancan. Duk abin da aka yi da man fetur, har kananzir ɗin da mu nan muka saba goge maiko da shi, yana kumbura EPDM ya raba ta da katakon da ke ƙasa. Sabulu mai sauƙi da buroshi mai laushi sun isa. Shi kuma silikon, wanda kowa ke saurin ɗauka, matsalarsa ita ce ba abin da ke manne masa daga baya, har sabon silikon ɗin. Ran da ya ɗago, sai ka kankare shi kaf kafin ka sake liƙi. Shi ya sa aka fi amfani da maliƙin da ke bajewa da kansa a kan kusoshi, kamar na Dicor, da kuma tef ɗin EternaBond a wajen yagewa.

Yoyon rufi yana tuna min da kuskure a manhaja: inda ka ga alamar ba nan matsalar take ba. Ruwa zai shiga ta gindin faifan sola, ya bi katako a ɓoye, ya ɓullo can a kusurwar gado bayan watanni. Kafin tabo ya fito a silin, katakon ya riga ya ruɓe, gyaran kuma ya zama na cire rufin gaba ɗaya, ga batir da kwamfutar da ke ƙasa.

Don haka a hau a duba aƙalla sau biyu a shekara, da kuma bayan duk tafiyar da aka ratsa ƙarƙashin bishiyoyi. A nemi tsagewa a maliƙi, a danna gefen kowace fanka da yatsa a ji ko wurin ya yi laushi. Wayoyin sola kuma a tara su su shiga ta rami ɗaya mai murfi, maimakon kowace da hudarta.