Kafin a kai tsohuwar tirakta wajen mai fenti

Shekara shida tiraktar kakanmu ta yi a tsaye ƙarƙashin darbejiya a bayan gidanmu a Tamale. Kaji sun yi ƙwai a kan kujerarta, yara sun mai da sitiyarin abin wasa. Da aka zo rabon gado bara, kawuna ya kawo shawarar da kowa ya ga ta yi daidai: a kira fita ya tada inji, a fesa mata jan fenti mai ƙyalli, a sauya duk abin da ya tsufa, a sayar, a raba kuɗi. Ni ma na ɗaga hannu na yarda. Da na san abin da na sani yanzu, da ban yi saurin ɗaga hannun ba.

Massey Ferguson 135 ce. An ƙera irinta daga 1964 zuwa 1975, akasari a masana'antar Banner Lane da ke Kobantiri a Ingila, wadda ta daina aiki a 2002. Injinta Perkins ne mai silinda uku, lita biyu da rabi, ƙarfin doki kusan 45. Ita jikar ƙaramar tirakta ce mai ruwan toka, TE20, wadda Harry Ferguson ya fito da ita a 1946 da tsarin nan na hannu uku da ke ɗaga garma da ƙarfin haidirolik. An ƙera TE20 sama da rabin miliyan cikin shekara goma, kuma da irinta Edmund Hillary ya isa ƙuryar kudancin duniya kan ƙanƙara a Janairun 1958. Kakanmu ya sayi tasa a zamanin Acheampong, lokacin shirin Operation Feed Yourself da aka fara a 1972, sa'ad da noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Nasia da Fumbisi. Da ita ya aurar da 'ya'ya, da ita ya je Makka.

To, fita ya zo. Kwana uku da fara aiki na dawo daga makaranta na tarar an cire ragar gaba, an cire tambarin, an cire dainamo, an tara su gefe guda. Washegari masu sayen kwandam suka bi ta layinmu, yaron fitan ya sayar musu da ragar da tambarin a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. A madadinsu aka kawo sabbi daga kasuwa, ƙarfe sirara kamar gwangwanin madara, ramukan noti ma ba su zo daidai ba sai da aka huda. Abin da ya hana a yi wa faifan lambarta haka shi ne wani dattijon direba, abokin marigayin, da ya leƙo ya ga yaro ya ɗora samfefa a kai. Ya daka masa tsawa: "Kai, yaro, ɗaga hannunka! Wannan ita ce takardar haihuwarta."

Gaskiyar tsohon ke nan. Wannan ɗan faifan da aka buga da ƙusa kusa da sitiyari yana ɗauke da lambar da ke nuna shekarar ƙira da irin samfurin. Injin ma yana da tasa lambar a jikinsa. Mai saye da ya san abin da yake yi, nan zai fara dubawa kafin ya kalli fenti. Dalili kuwa shi ne har yau ana ƙera tiraktoci masu jinin 135 a Pakistan da Indiya, kamfanin Millat a Lahore da TAFE a Chennai, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa daga Suame Magazine a Kumasi har nan arewa. Wannan alheri ne ga manomi, don shi ya sa tiraktar shekara hamsin ba ta rasa fistan ko gaskit. Amma kuma shi ya sa ake iya haɗa gangar nan da giyar can da bonet na kasuwa, a fesa ja, a ce 'yar Ingila ce. Wadda lambobinta suka yi daidai da juna ita ce ba ta buƙatar rantsuwa.

A Ingila, inda masu tara tsofaffin tiraktoci ke haɗuwa a gwanjo irin na Cheffins, an daɗe da gane wannan. Tirakta mai fentinta na asali, ko da ya koɗe, sau da yawa ta fi wadda aka wanke da sabon fenti daraja a idonsu. Wasu ba sa ma taɓa fentin, sai su wanke ta, su goge da tsumma mai ɗan mai don tsatsa ta tsaya. Hujjarsu mai sauƙi ce: ko yaushe ana iya yin sabon fenti, amma na masana'anta in ya tafi ya tafi. Kuma sabon fenti yana rufe tsaga da walda, wanda ya koɗe kuwa ba ya ɓoye komai.

Sai dai mu ba Turawa ba ne masu ajiye tirakta a rumfa don baje koli. Tamu gona za ta, kuma damina ba ta jiran kowa. Don haka ban yarda da masu cewa kada a taɓa komai ba. Abin da ke cikin inji, in ya gaji, a sauya shi ba tare da jin kunya ba: ringi, fistan, silib, kulochi, duk an yi su ne don su ci su ƙare. Birki da sitiyari da taya kuwa batun rai ne. 135 ta farko ba ta da ƙarfen kariya a saman direba, kuma tirakta in ta kife a gefen fadama ba ta tambayar shekarunta. A ɗaura mata ƙarfen. Ƙa'idar da na koya a makare ita ce, duk abin da za a ƙara a ɗaura shi da noti, kada a yi walda, kada a yanka, domin wanda zai zo baya ya iya kwancewa. Kuma duk abin da aka cire a ajiye shi. In an sa altaneta don batir ya riƙa caji sosai, dainamon ya shiga kwali. Famfon mai na CAV kuwa, a kai shi wajen masu saita injekta su gyara, ya fi a jefar a sayo sabo mara suna. Kafin a kwance noti ɗaya, a ɗauki hoton kowane gefe da waya. Wannan ko sisi ba ya ci.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi kuɗi nauyi. Da muka zauna karo na biyu, goggona ce ta tambaya: in an fesa fenti a kan waldar da ke jikin akwatin giya, za a gaya wa mai saye? Aka yi shiru. Kowa a ɗakin ya san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki, mun sha ji a wa'azi. Ciro faifan wata tirakta a manna wa wata kuwa algus ne tsagwaronsa, ko da ana yi a kasuwa. Ga shi dukiyar gado ce, akwai marayu biyu a cikin magada. In mun rage mata daraja da gaggawarmu, haƙƙinsu muka taɓa. In mun ƙara mata ta hanyar ruɗi, haram muka zuba musu a kaso.

Daga ƙarshe ba a sayar ba. Aka kira mutum biyu da suka san harkar suka yi mata kuɗi yadda take, waldar a fili, kawuna ya biya sauran magada kasonsu ya riƙe ta. An gyara inji da birki, an sa ƙarfen kariya, an bar fentin. A gefen bonet har yanzu ana ganin inda gwiwar hannun kakanmu ta cinye jan, in ya jingina yana jiran a cika tanki. Ragar kasuwar nan ta tsage tun kafin a gama huɗar bana, kuma kawu ya aika saƙo Suame a nemo masa ta asali ko da ta lanƙwashe. An ce masa akwai, amma kuɗinta ya ninka abin da masu kwandam suka ba yaron sau da yawa. Dainamon yana cikin kwali a ƙarƙashin gadon Hajiya, an rubuta kwanan wata a jikinsa.