Maɓallin Tayar da Mota da Ɓoyayyen Makashi: Kafin Mai Wayarin Ya Sa Almakashi

Wanda ya taɓa zama a gaban sabuwar mota ya ga direba ya taka birki, ya danna maɓalli, inji ya ɗauka ba a zura makulli ba, da wuya ya koma tsohuwar motarsa bai ji ta yi masa ƙauyanci ba. Shi ya sa masu wayarin mota suke yawan samun aiki iri biyu da ake faɗa a baki ɗaya: a saka wa mota maɓallin tayarwa, a kuma saka mata ɓoyayyen makashi, wanda a gareji ake ce wa sikyuriti. Kayan ba wuyar samu gare su ba. Mai neman kayan wutar mota ya san hanyar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ga kuma shagunan intanet.

Sai dai ayyukan biyu ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Maɓalli na jin daɗi ne, makashi kuwa na tsaro. Idan aka saka na farkon ba da ilimi ba, yana iya rushe tsaron da motar ta zo da shi daga kamfani, ta yadda na biyun ba zai cike gurbin ba.

Maɓalli ya girmi murɗa makulli

A farkon zamanin mota da hannu ake tayar da inji. Mutum zai tsaya a gaba ya juya handil da ƙarfin tuwo, idan injin ya mayar da bugu sai ya karya masa hannu. Wani injiniyan Amurka, Charles Kettering, da kamfaninsa na Delco da ke birnin Dayton, su ne suka fito da kik mai aiki da batir wanda aka saka a motar Cadillac ta 1912. Shekaru da dama bayan haka, makulli wuta kawai yake buɗewa, sannan direba ya taka wani feda a ƙasa ko ya danna maɓalli a gabansa. Sai a 1949 kamfanin Chrysler ya haɗa aikin biyu a murɗa makulli guda.

Maɓallin ya dawo a ƙarshen shekarun 1990 ta hanya biyu. Mercedes-Benz ta saka wa S-Class tsarin da mota take gane makulli yana cikin aljihun mai ita. Honda S2000 ta 1999 kuwa ta zo da jan maɓalli, amma sai an zura makulli an murɗa tukuna yake aiki. Waɗannan hanyoyi biyu su ne har yau ake kwaikwayo a gareji.

Aiki uku na makulli

Makullin mota yana da matsayi huɗu: kulle, sai na rediyo da caji, sai na buɗe wutar inji gaba ɗaya, sai na ƙarshe da ake murɗawa a saki, wato na kik. Kik mayunwacin wuta ne. A ƙaramar mota mai fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200, wani lokaci fiye, shi ya sa aka ja masa waya mai kaurin yatsa kai tsaye daga batir. Wannan wutar ba ta bi ta makulli. Abin da makulli yake aikawa 'yar wuta ce zuwa silanoyid ɗin da ke jikin kik, shi kuma ya tura ƙaramin giya ya ciji haƙoran fulayiwil, ya haɗa babbar wutar, inji ya juya.

Wannan aiki na farko ke nan, kuma shi kaɗai maɓalli yake iya yi. Na biyu shi ne sakatar sitiyari: da an zare makulli, wani ƙarfe yake faɗawa cikin sandar sitiyari ya hana ta juyawa. Na uku yana cikin baƙar robar kan makullin. A motocin da suka zo da imobilaiza akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar wake ba, ana ce mata cif. Wani zobe da ke kewaye da ramin makulli yana karanta lambarta ya aika wa ƙwaƙwalwar mota. Idan lambar ba ta dace ba, a wasu motocin kik ba zai motsa ba, a wasu kuma zai yi ta juyawa amma ba mai, ba wuta a fulogi.

Saka maɓalli: hanya mai sauƙi da hanya mai haɗari

Hanya mai sauƙi ita ce a bar makulli a inda yake, a ɗauke masa matsayin ƙarshe kawai a ba maɓalli. Wannan yana da amfani na gaske ga tsohuwar motar da makunninta ya cinye, sai an yi ta jijjiga makulli kafin ta yi kik. Ana amfani da maɓallin da yake dawowa da kansa idan aka ɗaga yatsa, a haɗa shi da rile mai ɗaukar amfiya 30 ko 40. Idan ka juya rile za ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne na 'yar wutar umarni da ke fitowa daga maɓalli. Ta 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus, ta 87 kuma ta miƙa ta ga silanoyid. Rile kamar ɗan aike yake: maɓalli ya yi magana, shi ya ɗauki kayan. Idan aka tsallake shi, wutar silanoyid za ta bi ta cikin ɗan maɓallin, ba a jima ba ya ƙone ko ya manne, kik ya ci gaba da juyawa inji yana tafiya.

Abu biyu ne ba a sassautawa a nan. Wutar maɓallin ta fito daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, don kada yaro ya shiga mota ya danna ta zabura. Sannan kada a tsallake makunnin da ke hana mota tashi tana cikin giya. A otomatik shi ne ke tabbatar da tana fakin ko firi, a wasu masu giyar hannu kuma sai an taka kuloci.

Hanya ta biyu ita ce cikakken saiti da ke kore makulli gaba ɗaya: ɗan akwati mai rile-rile a ciki, da maɓalli mai haske, da rimot ko ɗan katin da ake karawa. A nan gizo yake saƙar. Tunda ba za a ƙara zura makulli ba, dole a san yadda za a yi da sakatar sitiyari. Wasu suna cire ta. Wasu suna yanke kan makulli su bar guntun a cikin ramin, a murɗe. Idan guntun nan ya koma baya mota tana tafiya, sitiyari yana iya kullewa a hannun direba.

Sai kuma cif. Leƙa ƙarƙashin robar sitiyarin motar da aka yi wa irin wannan aiki da gaggawa, sau da yawa abin da za ka gani shi ne cif ɗin da aka ɓalle daga makullin sifiya, an manna shi a jikin zoben an naɗe da baƙin salatif. Mota za ta tashi kuwa, mai ita ya yi murmushi ya biya. Amma daga ranar, ƙwaƙwalwar motar kullum tana ganin makulli yana nan, ko da mai motar yana Legas motar tana Gusau. An cire sakata, an kashe imobilaiza. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da aka rasa ba ƙarami ba ne. Tarayyar Turai ta wajabta imobilaiza a sababbin motoci tun 1998, kuma binciken da masana tattalin arziki Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a 2016 ya nuna ya rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. Amurka ba ta wajabta ba, ta kuma ga sakamako. Motocin Kia da Hyundai da dama masu makullin murɗawa da aka sayar a can daga 2011 zuwa 2021 ba su da shi. Matasa a birnin Milwoki suka gano sauƙin satarsu, bidiyon yadda ake yi ya bazu a TikTok, satar ta zama annoba, har kamfanonin suka amince a 2023 da sasantawar da ta kai kimanin dala miliyan 200. Tunda tokumbo da yawa daga Amurka suke shigo mana, yana da kyau mai irin waɗannan motoci ya bincika ko makullinsa yana da cif.

Ina za a yanke?

Ɓoyayyen makashi dabara ce mai sauƙi: a katse wata waya da inji ba ya tashi sai da ita, a saka makunni a wurin da mai mota kaɗai ya sani. Ko motar da ta zo da maɓalli daga kamfani tana amfana da shi. Tun 2011 masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurik suka gwada motoci 10 na kamfanoni 8, suka nuna ana iya janyo siginar makulli daga nesa a yaudari mota ta buɗe ta tashi. Na'urar ɓarawo tana yaudarar kwamfuta, amma ba ta haɗa yankakkiyar waya.

Wuri uku aka fi yankewa. Na farko siririyar wayar da ke kai umarni ga silanoyid. Idan makashin yana kashe, a murɗa ko a danna, shiru. Rauninsa shi ne mota mai giyar hannu ana iya tayar da ita da turi. Ƙarfinsa kuma shi ne ko makunnin ya lalace a hanya, ba zai kashe injin da ke tafiya ba.

Na biyu layin famfon mai, kuma an fi so a yanke ɓangaren umarnin rilensa, ba wayar famfon kanta ba. Kik zai juya, wataƙila inji ya ɗauka na 'yan daƙiƙoƙi da ragowar man da ke cikin bututu, sannan ya mutu. Ɓarawo zai ɗauka motar ce ba ta da lafiya, shi kuwa ba shi da lokacin gyara. Haɗarin shi ne duk wani rauni a wannan haɗin yana iya kashe mota tana gudu.

Na uku babban makunni a kan batir. Yana da kyau ga motar da za a ajiye wata da watanni, amma yana kashe ƙararrawa da tiraka, wato na'urar bin sawun mota, idan ba su da nasu batir. Kuma kada a kuskura a kashe shi inji yana aiki: altaneta za ta ci gaba da ba da wuta, ƙarfin wutar ya yi tsalle sama ya ƙone ƙwaƙwalwar mota.

Mutuwar inji a kan gudu ba wasa ba ce. Sitiyari yana yin nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya yi tauri. A 2014 kamfanin General Motors ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makunninsu yana zamewa da kansa idan an rataya wa makulli kaya masu nauyi ko an faɗa rami. Inji ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124. Idan kuskuren babban kamfani a kan ɗan makunni ya yi wannan ɓarna, to haɗin da aka murɗe da yatsa a bakin titi fa?

Akwai kuma nau'in da ke barin mota ta yi tafiyar 'yan mintuna bayan an ƙwace ta sannan ta mutu. 'Yan fashi ma sun san da shi, shi ya sa wasu kan tambayi inda sikyuriti yake, ko su tafi da mai motar. A irin wannan hali a nuna musu. Ana sake sayen mota.

Alamomin aiki mai kyau

Ƙwararren mai wayarin yana fara cire kan batir na nagetif kafin ya taɓa komai. Yana kauce wa wayoyi da soket masu launin rawaya a jikin sitiyari, domin yawanci na jakar iska ne, kuma soka musu fitilar gwaji yana iya fasa ta a fuskarsa. A motar zamani mita yake amfani da ita. Yana like haɗi da dalma ko ya matse shi da maɗauri, ya rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Salatif kaɗai ba ya jure zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda rana kan wuce digiri 40 a waje, balle a cikin rufaffiyar mota. Gam ɗin ya narke, waya ta fito tsirara ta taɓa bodi.

Yana saka fiyus kusa da inda ya ɗauko wuta, mai lambar da ta dace da kaurin wayar. Wanda ka ga ya naɗa zaren waya a madadin fiyus da ya ƙone, ka ɗauke motarka, domin ranar da aka samu matsala wayar ce za ta zama fiyus, kuma warin robar da ke narkewa ne zai sanar da kai. Sabuwar wayar ma a cusa ta cikin damin tsofaffin, kada a bar ta ja wur tana nuna hanyar makashin. Ƙarƙashin sitiyari kuwa nan ɓarawo yake fara lalubawa.

Kafin a fara, ka zauna da mai aikin ka tambaye shi: Malam, wace waya za ka yanke? Me za ka yi da sakatar sitiyari? Ina cif ɗina zai kwana? Idan makashin ya lalace ina kan hanyar Zariya da dare, yaya zan yi in isa gida? Ya zana maka haɗin a takarda ka ajiye a gida, don bakaniken da zai zo bayansa kada ya kwana yana neman ciwon da babu. Ka kuma tuna shi ne mutum na biyu da ya san sirrin motarka, saboda haka amanarsa tana cikin abin da kake biya.

Mai tsohuwar motar da ba ta da cif, ɓoyayyen makashi zai ba shi tsaro mai yawa da kuɗi kaɗan, maɓalli mai rile kuma ba zai rage shi da komai ba. Mai motar da ta zo da imobilaiza kuwa, idan sharaɗin samun maɓalli shi ne a manna cif a jikin zobe, gara ya ci gaba da murɗa makullinsa, kuɗin saitin ya saka makashi da tiraka.