Notin da Tsatsa Ta Kama: Maganganun Gareji a Kan Ma'auni

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana harhaɗa ta. Wanda ya samu tsohuwa a yau yana son tayar da ita, kafin ya kai ga fistan da ringi sai ya yi karo da notin da ya shekara talatin ba a taɓa shi ba. Yawanci na bakin salansa ne, ko na wajen famfon ruwa. A nan kowa a gareji yake zama malami.

Shawarar farko da ake bayarwa ita ce a zura wa sifana dogon fayif a danna. Ita ce kuma ta fi kowacce ɓarna. Notin ba ɗaurewa ya yi da yawa ba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, don haka tana kumbura a tsakanin haƙoran noti har ta cike duk wata kafa. A injin 504 akwai ƙari: bulok ɗin ƙarfe ne, kan injin kuwa alminiyam. Idan waɗannan biyu suka haɗu da danshi a tsakaninsu, alminiyam ke lalacewa, ya zama farin gari mai riƙe noti kamar siminti. Motar da ta shekara da shekaru tana shan ruwan rijiya zalla a lagireto ta fi kamuwa da wannan ciwo. To, a yi lissafi: nauyin kilo 20 a ƙarshen fayif mai tsawon mita 1 ya ninka kusan sau takwas ƙarfin da ake ɗaure notin sifana mai lamba 13 da shi. Sai yaron gareji ya ji noti ya yi laushi ya ce, "Oga, ya taho!" Bai taho ba, wuyansa ne ke murɗewa.

Maganar cewa Coca-Cola na kwance noti tana da ƙanshin gaskiya, domin akwai ɗan asid a cikinta da ke cin tsatsa idan aka jiƙa ƙarfe ya kwana. Amma zuba ta a kan notin da ke jikin inji ba ya kai ta cikin haƙora, sai danƙon sukari da ƙudaje. Baƙin mai ya yi kauri, ba ya ratsawa. Man birki yana ɗan ratsawa, shi ya sa makanikai ke son sa, sai dai yana cin fenti, yana kuma jan danshi. WD-40, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1953, asalinsa don korar danshi daga jikin ƙarfe aka yi shi. Yana taimako, amma mai na musamman da aka yi don ratsa tsatsa ya fi shi. Kalanzir ma ba abin rainawa ba ne. Kowanne aka zaɓa, abin da ya fi shi muhimmanci shi ne a kankare bakin notin da buroshin waya, a zuba, a ɗan bubbuga da guduma, a bar shi ya kwana. Mai motar da ke tsaye a kan bakanike yana duba agogo shi ma yana da hannu a karyewar noti.

"Wuta ce maganinsa." Gaskiya ne, in an san inda za a sa ta. Abin da ke kewaye da notin ake gasawa domin ya buɗe, tsatsar ta farfashe. Idan macen noti ce ɗaure a kan namijin, macen ake gasawa. Hatsarin yana ga alminiyam: yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja tukuna don ya gargaɗe ka yadda ƙarfe ke yi. Mai walda da ke jiran ya ga ja a kan injin 504 zai ga rami ne. Abin daɗin shi ne alminiyam na buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ji zafi, don haka wuta kaɗan ta isa. A kawar da tiyon fetur da kafireto tukuna. Notin da aka gasa har ya yi ja kuwa ya rasa ƙarfinsa, musamman masu lamba 8.8 ko 10.9 a ka. Kada a mayar da shi, a nemo sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka.

Akwai wata shawara da take kama da zancen banza amma gaskiya ce: a fara ɗaure notin kaɗan kafin a kwance. Wannan ɗan motsin na fasa tsatsa. Daga nan sai gaba kaɗan, baya kaɗan, ana ƙara mai. A kama shi da soket mai kusurwa shida. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take riƙewa, ita ce ke mulmule kan noti.

In ya karye fa? Wasu na cewa kan injin ya tashi aiki, a sayi wani. Ba haka ba ne. Ƙwararren mai walda na ɗora mace a kan guntun ya cike tsakiyarta da walda. Zafin na sassauta tsatsa, sifana kuma ta samu wurin kamawa, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam. Abin da nake jin tsoro shi ne ɗan ƙarfen nan mai haƙoran hagu da ake kafawa cikin guntun bayan an huda shi. Yana da tauri amma yana da saurin karyewa, kuma in ya karye a ciki, bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa. Ramin da haƙoransa suka cinye ma ana iya faɗaɗa shi a sa masa sabbin haƙora na waya, a mayar da noti mai girman na asali.