Gaskiya ko Jita-jita: Sassarfa a Kan Layin Dogo

Duk mai fita motsa jiki bayan sallar Asuba a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni cikin birnin Kano ya san halin da ake ciki. Kafin rana ta ɗaga, titin Zariya da na Maiduguri sun cika da adaidaita sahu da manyan motoci, gefen titi kuwa ko kwata a buɗe ko teburin mai shayi. Shi ya sa za ka ji matasa suna cewa a koma layin dogo, ga shi can ya ratso ta Sharaɗa, ba mota ba hayaƙi, kuma ai Turawa ma a kan hanyar jirgi suke gudu.

Zancen Turawan rabinsa gaskiya ne. A jihar Wiskonsin ta Amurka akwai hanyar Elroy zuwa Sparta, kimanin kilomita 52, wadda a da jirgin ƙasa ke bi, aka buɗe ta ga masu keke da 'yan ƙafa a 1967. A Ingila akwai ta Biristol zuwa Bath, kilomita 21. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne aikin da aka yi kafin nan: hukuma ta rufe layin a rubuce, aka cire ƙarafan dogon, aka kwashe manyan duwatsun, aka shimfiɗa kwalta ko tsakuwa mai laushi. Abin da ya sa masu gudu ke son irin wannan hanya shi ne jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka tun asali an daidaita ta, ba hawa ba gangara sai kaɗan.

To namu fa, ya mutu? Wannan jita-jita ce, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Layin da ya iso Kano a 1911, wanda aka miƙa reshensa zuwa Nguru a 1930, har yau a hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya yake. Ya daɗe shiru, amma a Disambar 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano, bayan mutane da yawa sun riga sun cire rai. Ƙarancin zirga-zirga ba rufewa ba ne. Ƙarancin ma shi ke ƙara haɗarin, domin mutum ya saba ganin wurin wayam, ya daina waiwaye. In ana neman layin da ya mutu da gaske a Arewa, shi ne ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka shimfiɗa saboda kuza, aka rufe shi a 1957.

Wasu kuma cewa suke yi ai jirgi ba ya ɓuya, za ka ji shi tun daga nesa. Mai gudu yana haki, kunnensa toshe da waƙa ko karatu, jirgin kuma ta bayansa yake tahowa. Ko direba ya hango shi, ba shi da sitiyarin kaucewa. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya cak. Namu ba sa kai wannan gudun, amma ƙarfe ne a kan ƙarfe, birki ba ya kama shi nan take. Ko babu jirgi ma, duwatsun nan masu kaifi na kan layin suna gocewa ƙarƙashin takalmi, targaɗe a nan ba wuya.

Akwai masu hana gudun gaba ɗaya, wai yana cinye gwiwa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu ciwon gaɓɓan gwiwa da ƙugu ga kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, alhali ga marasa motsi ya kai kashi 10.2. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, ko 75 na mai ƙarfi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Buƙatar matasan nan gaskiya ce, wurin ne ba daidai ba. A 2021 aka aza harsashin sabon layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, masu faɗin milimita 1,435, alhali tsohon 1,067 ne. Ranar da hukuma za ta saki wani yanki na tsohon layin a cikin gari, ina fata ba za a yanka shi fulotai da shaguna ba. Amurka tun 1983 take da dokar da ke riƙe irin wannan fili, jama'a suna tafiya a kai, in an sake buƙatar jirgi a mayar da shi. Kafin a saki namu layin, mai son gudu a Tarauni ya nemi filin makaranta ko Filin Sukuwa, ko ya bi layukan cikin unguwa da sassafe, yana fuskantar motocin da ke tahowa.