Malam-buɗe-littafi na kan tumfafiya

Daga cikin tsirran da Allah Maɗaukaki ya shimfiɗa a ƙasar Hausa, tun daga bayan ganuwar Kano har zuwa rairayin Damagaram, da wuya a sami wanda aka raina kamar tumfafiya, domin ita ba ta neman taki balle ban ruwa, kuma duk inda aka bar kufai, ko juji, ko gonar da ta gaji, nan za ka tarar da ita tsaye da faffaɗan ganyenta mai ruwan toka, awaki ba sa kula ta sai in rani ya matsa. Dalilin wannan ƙyama kuwa sananne ne: farin nonon da ke tsatsowa da zarar an karya ganyenta yana da ɗaci, yana cutar da ido, kuma akwai dafi a cikinsa mai taɓa bugun zuciya. Amma da yake hikimar Ubangiji ba ta bar komai a banza ba, wannan dafin shi ne jarin wani malam-buɗe-littafi, wanda ya fi kowane ɗan'uwansa sauƙin kai ga mai son ɗaukar hoto a kusa.

Kowa ya san shi ko da bai taɓa lura ba. Fukafukansa na gaba ja ne mai ratsin ɗorawa, ƙarshensu baƙi da farin layi a gicciye, na bayan kuwa, a nan Afirka ta Yamma, fari ne ya rinjaye su, alhali 'yan'uwansa na Misira da Indiya ja ne gaba da baya. Faɗinsa in ya buɗe bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. Masani Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya sanya shi cikin littafin jinsunan halittu a 1758, kuma malaman wannan fanni suna kiransa Danaus chrysippus. Tun kafin wannan da nisa wani mai zane ya riga ya tsaya ya ƙare masa kallo, gama yana cikin zanen kabarin Nebamun da ke yankin Luksor, wanda aka yi kimanin shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma zanen yana nan a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Tafiyarsa ita ce abin mamaki. Sauran ƙwarin lambu a firgice suke rayuwa, ba sa zama wuri ɗaya, shi kuwa sai ka gan shi yana shawagi ƙasa-ƙasa cikin natsuwa da ƙasaita, ya sauka a kan fure ya daɗe, yana buɗe fukafukai yana rufewa, yara na tsaye suna roƙonsa ya buɗe musu littafi su yi karatu. Asirin wannan natsuwa yana cikin yarintarsa. Uwar takan bi tumfafiya tana ɗanɗana ganye da ƙafafunta, domin a nan Allah ya ajiye mata abin ɗanɗano, in ta gamsu sai ta manna ƙwai guda ɗaya tak a ƙarƙashin ganyen ta yi gaba. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, mai zobban baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahoni shida masu laushi. Wanda ya durƙusa ya kafa mata kyamara zai ga wata dabara da ido kaɗai ba ya kamawa da sauƙi: kafin ta fara ci sai ta gutsura ganyen a kewaye, ta yi masa da'ira, nonon ya tsiyaye ta nan, sa'an nan ta ci abin da ke tsakiya, don kada nonon ya yi mata yawa ya liƙe mata baki. Ɗan dafin da ta haɗiya kuma ba ya kashe ta, adana shi take yi a jikinta, ya bi ta har lokacin da za ta rataye kanta ta zama ɗan ƙunshi kore mai ɗige-ɗigen ruwan zinariya, ya kuma bi mai fukafukan da zai fasa ƙunshin ya fito.

Saboda haka kyansa kyan ɗan maciji ne, launinsa kuma sanarwa ce ga tsuntsaye. Wani masani Ba'amurke, Lincoln Brower, ya jarraba wannan da ɗan'uwansa na Amurka, wanda shi ma a kan dangin tumfafiya yake tashi: ya ba wani shuɗin tsuntsu na ƙasarsu ya ci, ba a jima ba tsuntsun ya kama amai, daga ranar kuma ko an miƙa masa ba ya karɓa. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Har ila yau jikinsa yana da tauri da danƙo, ta yadda sau da yawa tsuntsun da ya cafke shi ya ji ɗaci ya tofar, shi kuwa ya kwanta kamar matacce, an jima ya tashi ya kama gabansa. Irin wannan kariya ce farar tumfafiya ma take da ita, shi ya sa duk son da muke yi wa soyayyar fara ba mai kai ta kasko.

Malamanmu na da ba su ɗauki duban ƙananan halittu a matsayin shiririta ba. Al-Jahiz na Basra ya cika mujalladai na Kitabul Hayawan da labarin ƙuda da sauro da tururuwa, Ad-Damiri na Misira ya biyo baya da nasa, kuma ya ishe mu hujja cewa surori uku na Alƙur'ani mai girma da sunan zuma da tururuwa da gizo-gizo ake kiransu. Abin da zamani ya ƙaro shi ne gilashin da ke kusanto da abu, wanda yanzu har a wayar hannu ana maƙala shi. Sai dai gilashin yana da sharaɗi, domin gwargwadon matsowarka gwargwadon ƙuncin abin da zai fito sarai, har ya zama in ido ya fito fes, gefen fiffike ya dushe. Maganin haka shi ne mutum ya daidaita fuskar kyamara da shimfiɗar fiffiken, ya sa ido ya zama maƙasudinsa, ya kiyaye kada inuwarsa ta faɗa wa ƙwaron, ya kuma yi sammako, musamman da sanyin hunturu, lokacin da jikinsa bai ɗumama ba balle ya iya tashi. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya cika waɗannan zai ga cewa garin nan da ke manne wa yatsun yara ƙananan ɓawo ne jere bisa juna kamar bunu a jinka, zai ga dogon bakin da ke naɗe yana warwarewa cikin fure, zai kuma ƙirga ƙafafu huɗu kawai a tsaye, gama biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji.

A ganina babbar fa'idar hoton ita ce tona asirin mai sojan gona. Akwai wani jinsi dabam, Hypolimnas misippus, wanda namijinsa baƙi ne mai fararen tabo kewaye da shuɗi, macen kuwa ta ari rigar ɗan tumfafiya sak, alhali tsutsarta ba a kan tumfafiya ta tashi ba. Tsuntsun da ya taɓa shan ɗaci yakan ƙyale ta, kuma Henry Bates, Baturen Ingila, shi ya fara bayyana irin wannan yaudara a 1862 bayan shekarun da ya yi a dajin Amazon. Amma kama da wane ba wane ba ne. In ka buɗa hoton ka dubi tsakiyar fiffiken baya, na gaskiya yana da baƙaƙen ɗigo uku in mace ce, huɗu in namiji ne, na huɗun kuwa 'yar jaka ce ta ƙamshin da yake jawo mace da shi. Mai kwaikwayon ba ta da wannan jeri. Wani abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, a yankinmu da yawa daga cikin masu kwaikwayon jar riga suke sawa gaba da baya, irin ta Misira da Indiya, ba mai farin baya irin ta maƙwabcinsu ba. Torben Larsen, a littafinsa na 2005, ya tattara kusan jinsi 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma, galibinsu na kurmin kudu ne, don haka wanda ya ɗauki hoton waɗannan biyu a Katsina ko Maraɗi, ya rubuta rana da wuri, ya kuma samo fiffiken a buɗe da kuma a rufe, ya ajiye shaidar da mai bincike zai iya aiki da ita.