Fili Naka Ne, Ruwa Kuwa Na Kowa Ne

Da yawa daga masu sayen fili a bakin ruwa suna ɗauka har da ruwan suka saya. Sai mutum ya ja katanga ko waya har gaɓar kogi, ya toshe hanyar da mata ke bi zuwa wanki, ya rufe mashayar da shanu ke sauka tun kaka da kakanni. Wanda ya ratsa kuma a kai shi wurin 'yan sanda, wai ya shiga gonar mutane.

A Najeriya, doka ba haka ta tsara ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a, don haka takardar da mai fili ke riƙe da ita izinin zama da amfani ce. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 kuma ta ba kowa damar ɗibar ruwa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi daga duk magudanar da jama'a ke da hanyar isa gare ta. A manyan koguna irin su Neja da Binuwai, dokar 1997 ta hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida (NIWA) ta sa mita 100 daga kowace gaɓa ƙarƙashin ikon hukumar. Tun kafin waɗannan duka, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya sa ruwa cikin abubuwa uku da mutane suke tarayya a kansu, tare da ciyawa da wuta.

To amma haƙƙin ɗibar ruwa ya rataya ne a kan hanya. In an toshe burtali, an killace gaɓa, me haƙƙin zai tsinana wa makiyayin da ke tsaye da garkensa yana hangen kogi? Jamhuriyar Nijar ta fuskanci wannan gaba da gaba. Dokarta ta karkara ta 1993 da dokarta ta makiyaya ta 2010 sun ba masu wuri fifiko a kan ruwan yankinsu, amma fifikon bai ba su ikon korar baƙo daga mashaya ba.

Akwai wata hanyar ƙwace ruwa da ba ta buƙatar katanga, wato a ɓata shi. Wanda ya tsaya a bakin rafin Jakara a Kano zai ga baƙin ruwa mai kumfa, leda da robobi sun toshe bakin kwalbati, wari kuwa ya riga ruwan isa hanci. Kwatamin gidaje da ruwan mayanka suna zuba cikinsa, rafin Getsi ya kawo masa dattin masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa dam ɗin Wasai. Da wannan ruwan ne masu lambu da dama ke ba latas da alayyafo da kabeji, kayan da ke komawa kasuwannin birni. A kudancin garin, masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwan da ke ɗauke da sinadarin kuromiyam, wanda ake jeme fata da shi, zuwa kogin Challawa. Irin wannan sinadari ba ya ruɓewa. Yana kwanciya cikin laka da ƙasar lambu, shekara da shekaru.

Kududdufan cikin birni su ne suka fi nuna yadda zubar da shara da ƙwace wuri suke tafiya tare. Ramuka ne da aka haƙa domin ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Da farko a mayar da bakin kududdufi bola. In sharar ta yi tudu, a zuba mata ƙasa. Kafin a ankara an yanka filoti, shaguna sun tashi. Da damina ta yi ƙarfi, ruwan da ya rasa mazauninsa sai ya shiga ɗakunan maƙwabta, waɗanda ba su ci ko sisi a cinikin ba.

Hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Akwai NESREA mai kula da muhalli da aka kafa a 2007, akwai KNUPDA mai tsara birane da REMASAB mai kwashe shara a Kano. Abin da ake nema shi ne aiki: a auna kowace mashaya da kududdufi da hanyar zuwa rafi tare da dagatai da masu unguwanni, a sa su cikin taswirar gwamnati, a kafa musu alama. Kada a sa hannu a takardar fili a bakin ruwa sai an cire hanyar jama'a daga cikinta. Masana'antar da ba ta tace ruwanta ba a rufe bututunta. Unguwa kuma a samar mata wurin zuba shara da motar kwasa, domin wanda ba shi da bola kusa, rafi zai nufa.