Ɗingishin Farat Ɗaya: Kada a Ɗura wa Kofato Ruwan Batir

Tun da damina ta kankama wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin masu dawaki da masu jakunan dakon yashi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya koyi aikin. Cewa ya yi duk dabbar da ta kwana lafiya ta wayi gari tana ɗage ƙafa ɗaya, to ko sammu ta taka ko karyewa ta yi. Magani kuma wai a yi wa kofaton sakiya da jan ƙarfe, a ɗura ruwan batir a ramin, a bi da baƙin mai.

Zancen sammu ba shi da hujja. Karaya tana faruwa, amma ba ita ce kan gaba ba. Abin da ya fi yawan jawo irin wannan ɗingishi a ƙafa guda shi ne mugunya da ta taru cikin kofato. Rani yana busar da kofato ya tsattsage, ruwan damina ya zo ya laushe shi, sai laka da ƙwayoyin cuta su shige ta tsagar, ko ta farin layin da ke tsakanin bangon kofato da tafinsa, ko ta hujin ƙusa da ƙaya. Kofaton jaki ma ya fi na doki shan ruwa. Da yake kofato ba ya buɗawa, mugunyar sai ta rasa mafita ta yi ta matsa nama. Wanda ta taɓa taruwa masa a ƙarƙashin farce ya san irin azabar.

Ban ga laifin mai jakin da ya gaskata saƙon ba. Dabbar da yake ci da iyali da ita ta kasa taka ƙasa, likita yana nesa. Kuma akwai ƙwayar gaskiya ɗaya a ciki: dole mugunyar ta fita. Laifin na wanda ya tura wa jama'a abin da bai sani ba ne.

Ruwan batir ba ya tantance ƙwayar cuta da nama mai rai, duka yake ci. Daga tafin kofato zuwa ƙashin da ke ciki tazarar kaɗan ce, kuma naman da ke tsakani shi ne ke riƙe kofaton yana ciyar da shi. In aka ƙona shi, ciwon da zai lafa cikin 'yan kwanaki ya koma gyambo mai zurfi, har yana iya kaiwa ga ƙashi. Jan ƙarfe ma haka: ana soka shi ne bisa kintace, ya bar mataccen nama a baya. Baƙin mai kuwa datti ne, ya toshe ƙofar da ake so ta zauna a buɗe. Irin wannan rami mai zurfi da ƙazanta shi ne inda cutar tetanus ke samun wurin zama, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Dawaki na cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, kuma da yawan waɗanda ta kama ba sa tashi.

Abin da ya dace shi ne a taɓa kofatan a gwada: mai ciwon yakan fi zafi, jijiyar da ke bayan gaɓar saman kofato kuma tana bugawa da ƙarfi. Likitan dabbobi yana matsa kofaton wuri wuri da awartaki na musamman har ya gano inda dabbar ke zabura, ya bi baƙin ɗigon da ƙaramar wuƙa ya buɗe ɗan rami. Mugunya ta fito baƙa ko toka-toka, mai wari, sau da yawa kafin washegari dabbar ta fara taka ƙafar. Daga nan sai jiƙawa a ruwan ɗumi da gishiri, a sa aidin, a ɗaure da bandeji mai tsabta, a ɗaure dabbar a busasshen turke, a yi mata allurar tetanus. Maganin rage ciwo a bar wa likita ya auna, don awon doki da na jaki ba ɗaya ba ne. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ita kaɗai ba ta fitar da mugunya.

Ba kowane ɗingishi ne wannan ba, shi ya sa ba na yarda da mai yanke hukunci ta waya. In ƙusa ce ta shige naman nan mai laushi na tsakiyar kofato, a nemi likita nan take, domin tana iya kaiwa ga gaɓa. In dole ta sa aka cire ta, a yi wa wurin alama a adana ƙusar likita ya ga zurfinta. In ƙafafun gaba biyu ne suka kamu, dabbar tana jingina baya, musamman bayan ta cika ciki da dawa ko gero, wata cuta ce daban, ba a huda ta. In ƙafar tana reto ko ta kumbura sosai, a yi zargin karaya, kada a tilasta mata tafiya. Jaki kuma yana ɓoye ciwo: in ya yawaita kwanciya ya ƙi kiwo, kada a jira, don daina cin abinci kaɗai na iya halaka shi.